Abin da Dubagari Ya Yarda da Shi

Rana ta riga ta faɗa bayan tankin ruwan maƙwabta, hasken da ya rage a falo bai wuce na gane fuskar mutum ba, sa'ad da Dubagari ya yanke shawarar yi wa kwamfutar gidansa shara.

Shara dai sana'arsa ce. Ya yi ritaya daga aikin duba tsaftar gari, amma sunan aikin bai yi ritaya daga kansa ba, har matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci. Masu rumfunan bakin kwata da abu guda suke tuna shi. Doka ta ce a ba mutum sanarwa kafin a rushe masa rumfa, shi kuwa a ganinsa ƙugin katafila ma sanarwa ce.

Kwamfutar babban ɗansa ne ya aiko da ita domin Auta, ƙaramar 'yarsa, ta rubuta kundin kammala jami'a. Tana kan tebur tsakanin firiji da taga, Mama ta lulluɓe ta da tsohon mayafi. Ba a jima ba Dubagari ya gano cewa a intanet akwai kayan kyauta, shi kuma bai taɓa raina kyauta ba. Ya sauke manhajar kallon ƙwallo. Ya sauke mai faɗin yanayin sama, alhali ga taga nan a gefensa. Ya sauke wadda ta yi alkawarin ƙara wa na'urar sauri, sannan ya nemo wata da za ta gyara abin da waccan ta ɓata. Kowace kafin ta shiga sai ta shimfiɗa masa dogon rubutu siriri kamar jerin tururuwa, a ƙasa ga wasu 'yan akwatuna da an riga an sa musu alama. Bai taɓa karantawa ba. Gaba, gaba, na yarda.

Sai tallace-tallace suka fara ɓullowa. Maganin sanƙo, agogon hannu, wata mata mai yawan haƙora da ke taya shi murnar cin mota. Ka rufe taga ɗaya, biyu su buɗe. Auta ba ta iya kai layi ƙarshe ba tare da an rufe mata shi da hoton takalmi ba. Ta roƙi Baba ya bar na'urar haka nan, za ta kai wa mai gyara. Ya ji wannan a matsayin zagi. Mutumin da ya share kasuwa guda, akwati ne zai gagare shi?

Wani tsohon abokin aikinsa ya kwatanta masa manhajar sharewa, ta gaskiya a wannan karon. Yana zaune gabanta Mama ta leƙo da buta a hannu, ta ce ya bari mana gari ya waye, wannan ba lokacin tayar da komai ba ne. Ya ce datti bai san lokaci ba. Ya danna inda aka rubuta a goge duka. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ita ce tambaya ta farko da ya taɓa karantawa a allon nan, kuma bai ji daɗin ta ba.

Daga lasifikar wani ɗan siririn sauti ya fito, kamar an taka jaririn kyanwa. Sannan falon ya yi shiru. Firijin ma ya ɗauke numfashi.

Dutsen farko ya faɗo kan kwano kafin a idar da sallah.

Dubagari ya fita da tocila ya zaga gidan, bai ga kowa ba. Ya ce yaran unguwa ne. Washegari da magariba aka sake jifa, tsakuwa tana gangarowa a hankali har bakin indararo, ya sake cewa yaran unguwa ne, duk da cewa yaran unguwar a lokacin suna can gaban talabijin ɗin iyayensu. Da aka kwana biyu sai lasifikar ta fara magana alhali wayar wutar tana zare a ƙasa. Murya ce mai fara'a, irin fara'ar da ba ta kai ciki ba, tana cewa a taya mai gidan nan murna, an zaɓe shi. Dubagari ya yi bayani a kan igiyar rediyo da ke yawo a iska. Bayanin yana da kyau. Mama dai ta daina wucewa ta gaban teburin.

Ranar da abin ya taɓa Auta suna cin abincin yamma ne. Tana ba su labarin malamin da ke duba kundinta, ta kai tsakiyar magana, sai ta tsaya da cokali a hannu. Idanunta suka kafe a bango. Bakinta ya buɗe da murmushin da ba nata ba, muryar lasifikar nan ta fito daga cikinsa. Ta tambayi Baba ko har yanzu yana neman maganin sanƙo. Ta yi wa Mama tayin man shafawar da ta daɗe tana kallo a ɓoye. Ta juyo kan Baba ta ambaci wani magani da ba a ambatarsa gaban 'ya'ya. Sannan ta ƙifta ido, ta ci gaba da labarin malaminta daga inda ta tsaya, tana mamakin abin da ya sa Mama ke kuka.

Tun daga nan ba ta sake mallakar harshenta ba. A gaisuwa ana katse ta, a waya ana katse ta, a tsakiyar Fatiha ana katse ta. Ta daina zuwa makaranta. Ta rame, ta koma zaman ƙuryar ɗaki da hannu a kan baki, muryar kuwa tana fitowa ta tsakanin yatsunta.

Likita ya ce gajiyar karatu ce, ya rubuta hutu. Mai gyara ya zo ya zauna gaban na'urar, ya buɗe jerin manhajojin da ke ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cire duk wadda ba a san ubanta ba. Ya tsige 'yan maƙale-maƙalen da suka liƙe a jikin burauza, wato manhajar shiga intanet, ya soke izinin da aka ba wasu shafuka na turo sanarwa. Ya ce wanda ya fara sharar ya yi ta da mugunta, amma ya bar saura. Ya shawarci Baba, cikin ladabi, da ya riƙa sauke abu daga shafin masu shi, ya riƙa cire alamar nan daga 'yan akwatunan kafin ya danna. Kwamfutar ta warke sarai. A yammacin ranar Auta ta yi talla tun daga la'asar har isha ba ta tsaya ba, kamar wanda aka rushe wa ɗaki ya kwaso kayansa duka ya tare a ɗayan da ya rage.

Mama ba ta nemi izini ba. Ta aika aka kira Malam.

Malam tsoho ne marar gaggawa, ya yi shekaru yana magatakarda a kotu kafin ya koma ga littattafansa. An ce ko takardar cikin kwalin magani sai ya karance ta kafin ya sha ƙwaya. Ya iso rana tana ja, ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka zaunar da Auta kusa da uwarta. Dubagari ya tsaya jikin firiji da hannuwa a naɗe, domin a san cewa ba da ra'ayinsa ake yi ba.

Malam ya daɗe yana karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Inuwar ƙarafunan taga ta ja jiki a kan tabarma har ta hau ƙafafun yarinyar. Can sai kanta ya ɗago. Murmushin ya tafi. Muryar da ta fito babu sauran fara'a a cikinta, busasshiya ce kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Malam, ka bar wahalar da kanka. Ni ba ɓarawo ba ne. Sallama na yi aka amsa."

Malam ya tambayi aljanin da ke magana wa ya amsa. Hannun Auta ya ɗago a hankali ya nuna firiji.

Aljanin ya ce su mutanen talla ne, ba sa shiga gidan da ba a buɗe musu ba. Sun rubuta komai, sun shimfiɗa a gaban mai gida, ya ce ya yarda. Sun tambaya ko su zo da iyali, akwatin yana nan da alamarsa, bai cire ba. Suka tare da mata da 'ya'ya, suna neman abincinsu. In ya gaji da su, ai akwai ƙofar da suka shigo, sai ya sallame su ɗaya bayan ɗaya su tattara nasu. Amma ya tashi da magariba, lokacin da yara ke waje, ya sa musu katafila.

"Autana yana ciki. Bai daɗe da koyon tsalle a kusurwar allo ba. Ya kashe mini auta, na riƙe masa auta. Ba za ta sake gama magana ba har ta mutu."

Dubagari ya sauke hannuwansa.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya yi wa aljanin ta'aziyya, abin da ga alama bai zata ba. Sannan ya ce tunda da yarjejeniya aka shigo, a karanto masa ita tun daga farko, kuma a hankali, kunnensa ya tsufa. Aljanin ya yi jinkiri. Ya ce ba a saba nema ba. Malam ya ce yau an nema.

Aka shiga karatu. Duhu ya cika falon, babu wanda ya tashi kunna fitila. Sharaɗi yana bin sharaɗi daga bakin yarinyar, Mama tana share mata gumi, Malam yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce a maimaita. Da aka kai ƙarshe ya tambaya a wane layi aka ambaci 'yar mai gida. Babu. Ya tambaya ko yatsanta ya taɓa danna yarda, ko sau ɗaya. Muryar ta ce ai da na'urar take aiki. Malam ya ce wanda ya zauna a inuwar rumfa ba shi ya kafa ta ba.

"Ka ce kai ba ɓarawo ba ne. To, a jikin nan wa ya amsa maka sallama?"

Tsakuwa ta zubo kan kwano kamar ruwan sama, sannan ta ɗauke. Muryar ta ƙanƙance. Ta ce to, za ta fita, amma jinin ɗanta ba zai tafi a banza ba. Mai gida ne ya yi ɓarna, mai gida zai ɗauka. Akwai sharuɗɗa. Na farko...

Malam ya riga ya ɗaga hannu. Duk wanda ya san kotu ya san mai ƙara ya rasa madafa, saura kaɗan a sallame shi da tsohuwar wayar salula ko kangon wani gidan ya koma ciki. Amma Dubagari ba Malam yake kallo ba. Bakin 'yarsa yake kallo, ya bushe ya tsage, wani yana amfani da shi.

"Na yarda," ya ce.

"Bawan Allah, ba ka ji..."

"Ko mene ne. Ya sake ta. Na yarda."

Dariyar da ta fito ba mai ƙarfi ba ce. Dariya ce ta ɗan kasuwan da ya ga tsohon mai ciniki ya dawo. Auta ta yi atishawa, ta sake yi, ta sulale jikin uwarta. Firiji ya ci gaba da gurnaninsa. Da ta buɗe ido ruwa ta nema, ta kuma nemi a kunna fitila, ta tambayi abin da ya tara mutane a duhu. Ta faɗi duka wannan babu wanda ya katse ta.

Malam ya naɗe littafinsa. A bakin ƙofa Mama ta tambaye shi mene ne sharuɗɗan. Ya ce bai sani ba, ba a bari an karanto su ba.

Ba a sake jifa a gidan ba. Auta ta koma makaranta, ta kare kundinta a gaban malamai da bakinta. Dubagari kuwa lafiyarsa lau, yana ci yana sha. Sai dai yanzu in yana magana yakan tsaya a tsakiya, idanunsa su koma kusurwa guda, leɓɓansa suna motsi kaɗan, kamar mai jiran wani abu ya wuce kafin a ba shi damar ci gaba. Haka yake a hira, haka yake a sallah, Mama ta ce a barci ma haka yake. Bai taɓa faɗin abin da ake nuna masa ba. Likita ya ce shekaru ne, kuma shekarun suna nan, ba a musa ba.

Ranar da sakamako ya fito ya kamo hannun Auta, ya ce, "Uwata, wallahi yau na..." Sai ya tsaya. Ta riƙe hannun ta jira. Da ya dawo ya manta abin da zai ce, ya tambaya ko an rufe ƙofar waje.

Ita ke da kwamfutar yanzu, ta sa mata kalmar sirri. Duk yamma in rana ta faɗa bayan tankin, takan zauna ta nemo manhajojin kyautar nan da Baba ya taɓa saukewa, ta buɗe dogon rubutunsu, ta bi shi da yatsa layi bayan layi, fuskarta babu walwala. Ba ta danna komai. Mama ta taɓa tambayarta me take nema a cikin wannan tururuwar.

Ta ce duk wanda ya rubuta yadda ake shiga, ya rubuta yadda ake fita a wani wuri. Ta ce in ta samo, ba za ta ba aljanin sanarwa ba.