Gaba Huɗu a Rijiyar Koona

A kasuwar Mayahi Bube ya fara ganin Surayya, ranar da ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe. Yana tsaye riƙe da igiya, ta miƙo masa ludayin fura.

"Sha, malam. Ka yi zuru kamar wanda aka yi wa rasuwa."

"Ai rasuwar ce," ya ce.

Ka san zuciya ba ta shawara da aljihu. Kafin wata uku, hanyar Koona, garin su Surayya, ta san tafin ƙafarsa. Sai dai mahaifinta, Malam Danda, bai ɓoye masa komai ba.

"Makiyayi babu dabba, mi za ka ciyar da ɗiyata? Sanda? Tahi ka koyo sana'a."

Bube ya tafi Tasawa, ya yi wata tara yana koyon haɗa famfon sola. Hannun da ya saba da tatsa ya sha yanka kafin ya saba da waya. Ya karɓi diplom, takardar shaidar sana'a, ya ɗauka wahala ta ƙare. Ashe yanzu ta fara.

Duk inda ya je, sai a dubi takardar, a dube shi, a yi murmushi. "Ɗan ruga da lantarki? Je ka, muna kiranka." Wata bakwai ba wanda ya kira. Ya rame, har ya daina ɗaga ido.

Saƙon Surayya ya shigo wayarsa: "Muradina, Maiwada mai shago ya sake aiko goro. Baba ya ce in ruwan farko ya sauka ba ka da aiki, shi za ya ba. Na gaji da kuka."

Ya rubuta: "Hasken idona, na buga ƙofa goma sha ɗaya. Kada in ɓata maki lokaci. Ki bi maganar Baba."

"Ba ni bi," ta amsa.

Duk da haka ya nufi Koona don ya yi mata ban kwana. Ya tarar da jarkoki jere a bakin babbar rijiya, kwana tara famfo bai kawo ɗigo ba. Mai gyaran da aka ɗauko daga birni ya ce injin ya mutu.

"Yaushe aka sa shi?" in ji Bube.

"Da kaka," Malam Danda da ke tsaye wurin ya amsa, ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, shekara takwas ina shayar da shanu nan. Da bazara ruwan yana ja ƙasa, sai mun ƙara wa guga igiya gaba huɗu. Injin lahiya lau yake, iska yake sha."

Aka yi masa dariya, amma aka bar shi. Ya ƙara tiyo da waya, ya zura injin a hankali. Shiru. Can famfon ya yi tari, ya feso ruwa, mata suka ɗauki guɗa.

A makon nan hukumar gari ta damƙa masa kula da famfunan ƙauyukanta. An ɗaura aure hadari na haɗuwa a gabas.

Da aka kawo amarya, Innarta ta haɗa hannuwansu. "Allah shi ba ku zuri'a, shi raba ku da ƙishirwa."

Bube ya buɗe baki, kuka ya tare maganar. Surayya ce ta ce amin, tata da tasa.