Binciken Kawu Ɗanliti

Sailuba tana kicin tana yanka albasa, amma kunnenta yana falo, inda Abba da ƙaninsa Kawu Ɗanliti suke maganar saurayinta.

"Yaron nan Zulkifilu, na tambaye shi aikinsa, wai injiniyan nukiliya ne, sauran ba shi da izinin faɗa," in ji Abba. "Zan ba da 'yata ga mai ɓoye sana'arsa? In bom yake ƙerawa fa?"

Ta jefar da wuƙar ta fito. "Abba, wallahi doka ce! Kamfaninsu da gwamnati yake aiki, ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba!"

"Ke, koma ciki! Yaushe aka fara aure ba bincike?"

Kawu, wanda ya zo ƙasar Turawan nan daga Kano ganin likita, ya gyara hula. "Yaya, bar mini. Auren gidanmu kaf ni nake bincikawa."

Ya kuwa yi, irin na gida. Ya ɗauki tasi daga unguwarsu Annandale har Alexandria inda kamfanin Zulkifilu yake, ya yi wa masu gadin kamfanin sallama, ya shiga jero tambayoyi — wane ofis Zulkifilu yake? Me ake haɗawa a ciki? Yaushe yake tashi? Ya ɗaga waya ya ɗauki ginin gaba da baya, ya tura wa dangi a Kano. Kafin wayar ta koma aljihu an zagaye shi!

Da la'asar aka saki Kawu. Zulkifilu kuwa, muryarsa a waya kamar ta mai takaba.

"Sun karɓe katina na shiga ofis, Sailuba. Baƙo daga ƙasar waje yana ɗaukar hoto, yana kiran sunana... Sun dakatar da izinina na ganin sirrin gwamnati. In babu shi, babu aiki."

"Na shiga uku!" Ta sulale ƙasa tana kuka.

Washegari mahaifiyarsa, Hajiya Zahra, ta kira daga Woodbridge. "Tun ba a ɗaura ba kun raba shi da abincinsa. Mun fasa!"

Kawu ya tattara ya koma Kano ba sallama. Abba ya daina hira. Sailuba ta rame, wuya duk ƙashi. Zulkifilu ya koma kai saƙon kaya a mota, yana wuni cikin cunkoson titi.

"Mu je kotu kawai a ɗaura!" ta ce masa a waya wata rana. "Na gaji, wallahi na gaji!"

"Ba zan ɗauke ki ta bayan gida ba. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri, haƙuri! Aikin naka ya dawo ne?"

Ya ce, "Ba zai dawo ba. Lauya ya ce in nesanta kaina da ku in ina son aikin, na ƙi. Da masu bincike suka tambaye ni ko wane ne Ɗanliti, na ce kawun matar da zan aura ne, uba ne a wurina."

Ta kife wayar, ta ruga falo, ta zube gaban Abba tana sheshsheƙa. "Kun tura a binciko halinsa, ko? To ga shi!" Ta zayyane masa komai.

Abba ya miƙe tsaye. Sai ya ce, "Miƙo mini makullin mota."

A Woodbridge, Abba, dattijo da furfurarsa, ya durƙusa gaban Hajiya Zahra. "Mun ɓata, Hajiya. Ɗanki ya fi mu mutunci. Na ba shi Sailuba, in za ki karɓa."

Hajiya ta kau da kai, hawaye na bin kumatunta. Da kyar ta ce, "Tashi, Alhaji. Albarkacin yaran."

Tsohon aikin bai dawo ba har yau. Sai bayan biki ya samu wani a kamfanin lantarkin nukiliya, mai ƙaramin matsayi. Sailuba ta ce ya ishe ta.

'Yan'uwa, bincike kafin aure gaskiya ne, amma kowane gari da irin ƙofarsa. Halin mutum kuwa ba a bakin get ɗin ofis ake gane shi ba, sai ranar da aka cuce shi ya riƙe bakinsa.