Tayar da Ta Rikita Inji

Ranar Juma'a, da aka taso daga masallaci, Malam Tahiru ya tarar da ƙofar garejinsa a unguwar Sersouf ta garin Tamanrasset kulle da kwaɗo kamar yadda ya bar ta. A ciki kuwa taya biyu ce jingine da bango, maimakon huɗu.

Tayoyin na Yunus ne, mai kai Turawa yawo cikin duwatsun Hoggar. Sababbi fil, manya-manya, irin na kat-kat, motar nan mai cin rairayi da dutse. A shekarar 2001 ne, lokacin da baƙi suka fara dawowa Tamanrasset, kowane gareji na cike, kowane direba na tafe da ƙafafa kamar shi ya shimfiɗa hamada. Wanda bai ga garin a wannan zamani ba, gaskiya an yi babu shi.

Yunus bai tsaya wata-wata ba, ya kira jandarma. Jandarma ya dubi kwaɗo, ya ƙirga makulli. Ɗaya na aljihun Tahiru, ɗaya na hannun Khamisu, ma'aikacinsa, mutumin Damagaram mai 'ya'ya uku a gida.

"Ina kake lokacin salla?"

"Masallaci, ranka ya daɗe."

"Wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni. Jama'a kuwa ta yi yawa."

"Takardun zama?"

Khamisu ya sunkuyar da kai. Aka sa shi a mota. Jandarma ya ce ranar Lahadi da safe babbar mota za ta kwashi marasa takarda zuwa kan iyaka, idan ba a sami wani ɓarawon ba, da Khamisu za a tafi.

Tahiru ya san akwai makulli na uku, ƙarƙashin wani tsohon batir a bayan gareji. Bai faɗa ba, don faɗin zai jawo tambayar wa ya san da shi, shi kuma bai shirya wa amsar ba.

Ya kamata a san irin aikin dattijon. Babbar taya, idan nauyinta ya karkata gefe guda, sitiyari sai ya dinga rawa a hannun direba. Kowa dalma yake maƙalawa a bakin ƙarfen tayar don ya daidaita ta. Tahiru ya raina dalma, ya ce dutsen farko da aka taka take faɗuwa. Shi ƙananan duwatsun ado na kwalba yake saye a wurin mata a kasuwa, ya auna kofin shayi uku ya zuba cikin tayar kafin a hura mata iska. Da mota ta ɗau gudu sai su watsu su zauna inda nauyi ya gaza. An yi masa dariya shekara da shekaru, amma direbobin hamada wurinsa suke zuwa.

Asabar da sassafe ya fara da Baƙo, dillalin tsofaffin tayoyi, wanda duk abin da ya ɓace a unguwa sai an gaishe shi.

"Malam, ni a ƙauyen Outoul na wuni jiya, wurin sunan ɗan ƙanena. Ga ragowar naman can, ka ɗanɗana."

"An kawo maka talla?"

"Wa zai kawo mini taya mai kururuwa? Naka ko mirgina su aka yi sai sun kira sunanka."

Tahiru ya yarda. Duk mai sana'ar taya a garin ya san shuu ɗin da duwatsun ke yi a cikin tayoyinsa, ba zai taɓa su ba.

Daga nan ya bi gareji-gareji, har sabon da aka buɗe a bakin babban titi, mai injin auna taya na lantarki. Tasi'u, Bakanon da ke kula da injin, yana tsaye yana zaginsa.

"Baba, injina ya haukace. Taya ɗaya tun jiya da yamma, na juya ya ce a ƙara nan, na ƙara, na sake juyawa ya ce can. Sau bakwai. Dubi dalmar da na lafta mata."

Tahiru ya mirgina tayar a hankali ya kasa kunne, ya dubi ta biyun da ke jingine a gefe.

"Lafiyar injinka ƙalau. Wa ya kawo su?"

"Wani dattijo ne, bai bar suna ba. Ya ce sababbi ne, bai ga dalma a jikinsu ba, a yi masa balansi. Da la'asar zai dawo."

Tahiru ya nemi benci ya zauna. Khamisu da hannunsa yake zuba duwatsun, ba zai taɓa kai tayar wurin inji ba. Ɓarawon mutum ne mai mota, wanda ya san maɓoyar makulli, amma bai san abin da ke cikin tayar ba. Mutum ɗaya ne ya cika ukun nan. Ya wuni yana roƙon Allah ya sa lissafinsa kuskure ne.

Da la'asar wata tsohuwar kat-kat shuɗiya ta tsaya, Hasan ya fito. Shi da Tahiru tare suka baro Agadez a bayan motar gishiri shekarar da fari ya cinye dabbobi. Tare suka yi leburan gini, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Kullum da hantsi Hasan na garejin yana dafa shayi.

Da ya ga Tahiru sai ya tsaya cak.

"Zo ka zauna, Hasan."

"Ɗan'uwa, ka ji bayani. Na samu Turawa huɗu, tafiyar kwana goma. Sun dubi tayoyina na gaba suka ce sai na canza. Aro na yi. Da na dawo zan mayar."

"Ba ka ji ƙara a cikinsu ba?"

"Na ɗauka rairayi ne ya shiga."

"Shekara goma sha biyu kana zaune a gefena, ba ka taɓa kallon abin da hannuna ke yi ba." Wannan ya fi satar yi masa ciwo, kuma bai ɓoye ba. "Ka san an kama Khamisu?"

"Na ji."

"Ka ji, ka yi barci?"

Tahiru ya miƙe ya nuna masa tayoyin.

"Ɗauki ɗaya, in ɗauki ɗaya. Mu tafi."

A ofishin jandarma Tahiru ya sa aka sace iskar tayar, aka ɓare bakinta, duwatsu ja da shuɗi suka zubo a kan siminti. Ya yi bayani daki-daki, ya faɗi makulli na uku. Yunus ya ce tunda kayansa sun dawo ya yafe. Aka saki Khamisu kafin magariba. Sai jandarma ya miƙa wa Hasan hannu ya ce, "Takardun zama." Nasa sun mutu tun bara.

Lahadi da safe Tahiru ya je inda ake lodi da jarkar ruwa da ƙullin dabino. Ya miƙa, Hasan ya karɓa, ba wanda ya dubi wani. Motar ta tashi ta nufi kudu. Tahiru ya bi ta da ido, ya ga tayar baya ta hagu na tsalle, ba wanda ya taɓa daidaita ta. Kilomita ɗari huɗu ne zuwa kan iyaka, Hasan kuwa yana da ciwon baya tun zamanin da suke ɗaukar bulo. Ya ɗaga hannu ya kira direban, amma motar ta riga ta sha kwana.