Ita Yake So ko Taguwa?

Ranar da ta fara tuƙa motar marigayi Babanta zuwa asibitin da take aikin nas, ta fito bayan an tashi ta tarar da motar a durƙushe, cikinta na neman taɓa ƙasa. Ta zagaya ta sau uku. Tayoyi lafiya lau.

"Hutawa take yi, ba lalacewa ba ce," in ji wani saurayi mai gareji a tsallaken titi. "Tsohuwar motar Faransa ce, a kan mai da iska take zaune. Tayar da ita, ki ba ta minti ɗaya."

Ta murza makulli. Baya ya ɗaga, can gaba ya biyo a hankali. Sai ranar ta gane abin da ya sa Baba ke kiran motar Taguwa: haka raƙuma ke tashi.

Komai na motar a birkice yake. Safaya a cikin bonet, birki wani ɗan maɓalli a ƙasa. Bakanike ya bi da ita ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ja kunnenta: koren mai kaɗai Taguwa ke sha. Kafin wata biyu zuciyarta ta tafi, sai dai saƙonninsa ne suka fi motar rikita ta.

"Nas ɗita, ina kwana? Taguwa ta tashi lafiya? Ki leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigon kore."

Layi ɗaya nata, biyu na mota. To wai ita yake so ko Taguwa?

Mama kuwa ba ta ɓoye ba. "Shekara talatin ƙafafun Babanki kawai nake gani daga ƙarƙashin motar nan. Ba zan ba ki irinsa ba."

Ɗan aminiyarta take so mata, mai kantin magani. Shi kuma don ya nuna ya iya, ya buɗe bonet ya bulbula wa Taguwa man birki irin na sauran motoci. Cikin sati robobi suka kumbura, mota ta durƙusa a tsakar gida ta ƙi tashi, shi ma ya ɗauke ƙafa.

Ta sha kukanta, sannan ta rubuta wa Bakanike: "Taguwa ta mutu. Ba sai ka ƙara wahalar zuwa ba."

Bai amsa ba. Ta ce shi ke nan, ta samu amsarta.

Washegari da hantsi ya yi sallama, fes da shi, babu akwatin sufana, kawunsa na biye. Ya wuce Taguwa ya durƙusa gaban Mama.

"Ko kallonta ba ka yi ba," in ji Mama, cikin mamaki.

"Na kalla da wutsiyar ido, Mama, raina ya ɓaci. Amma ba wajenta na zo ba."

Da ya fito, Nas ta tare shi a bakin ƙofa. "To me ya sa kullum mota, mota?"

Ya sosa ƙeya. "In na tambayi mota, kina cika min shafi. In na tambaye ki, 'lafiya' kawai nake samu. Ni ma a ruɗe nake, Nas ɗita."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

Wata uku ya yi yana wanke bututai yana sauya robobi. Ranar ɗaurin aure suka shiga motar, ya murza makulli, Taguwa ta yi shiru tana tara ƙarfi. Mama ta leƙo ta taga, idonta ya cika.

"Kar ku yi gaggawa. A wannan mintin ne Babanki yake riƙe hannuna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ango ya miƙo hannu, amarya ta kama. Baya ya ɗaga, sannan gaba.