Dabbus Shida a Bakin Tela

Ranar da Mujtaba ya fara ganin Huda, ko sallamarta bai amsa da kyau ba, don bakinsa ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa ɗaya. Mahaifiyarsa Inna Jummare ce ta jawo shi, yana tirjewa, har ɗan ɗakin gashin ƙashi da ke bayan kasuwar Gadarif.

"Ya Daktora, dubi ɗan nan," in ji Inna Jummare. "Shekara biyu yana fama da ciwon kai da muƙamuƙi. Haƙori uku aka cire masa, wanzami ya yi ƙaho, basir mai maganin gargajiya ya ɗana masa ƙarfe mai zafi a ƙeya. Kalas, ni na gaji."

"Ni ba daktora ba ce, ya Hajja, gashi da tausa na karanta," in ji Huda. "Zauna nan, ya ustaz."

Huda baƙuwa ce a garin. Daga Madani suka gudo lokacin da yaƙi ya ci garinsu, ita da mahaifinta Baba Ishaku da yayarta Sara. Kayan aikinta duk sun tsaya can. Hannuwanta biyu kawai ta tsira da su, da su kuma take ci da gidan.

Ta tambaye shi ko yana amai, ko ganinsa na dushewa, ko hannu na mutuwa. Ya girgiza kai. Sai ta ɗora yatsu biyu a kafaɗarsa ta dama ta danna a hankali. Mujtaba ya zabura, ya dafe gefen goshinsa.

"A nan ka ji, ba a kafaɗar ba, ko?"

Ya kalle ta sosai a karo na farko. Cikin shekara biyu babu wanda ya taɓa gano inda ciwon yake kwana sai wannan siririyar yarinya mai farin lulluɓin tobe.

"Mene ne aikinka?"

"Tela," ya ce ta tsakanin haƙora.

"Kwayyis, kai za ka fi kowa ganewa. Ka san farin tantanin nan da mahauci ke ɓarewa a jikin nama? Haka yake lulluɓe da naman jikinmu, tun daga kafaɗa har tsakar kai, kamar shafin riga. In ka tsuke shafi a kafaɗa, ina rigar take ja?"

"A wuya."

"To naka shafin ya tsuke."

Da ta sa safar hannu ta ce zai buɗe baki ta danna naman muƙamuƙin ta ciki, kunya ta kusa kashe shi. Inna Jummare na zaune tana jan carbi tana harararsa. Hawaye ya zubo masa don zafi, amma da ya fito ya ji kansa sakayau, har ya ji ƙamshin agashen da ake gasawa a bakin titi, naman da ya yi shekara bai tauna ba.

Sau biyu a mako yake zuwa, kullum da uwarsa. A mako na uku Huda ta bi ta layin teloli za ta sayi zare, ta hango shi. Ya duƙufa a kan keke, wuya a karkace, ga allurai masu kai da suke kira dabbus har guda shida jere a bakinsa, ya datse su da haƙora.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Ashe ni ina kwancewa, kai kana ɗaurewa! Awa nawa kake yi haka?"

Ya zare su ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyar da kai. "Daga safe zuwa magariba. Haka babana yake yi, haka kowane tela yake yi."

Washegari ta kawo masa wani ɗan matashi mai igiya da za a ɗaura a wuyan hannu a riƙa soke dabbus a kai. Ita ta ɗinka da kanta, kuma gaskiya ɗinkin abin tausayi ne. Mujtaba ya juya shi ya sake juyawa.

"Wanda ya yi wannan ɗinkin a kai shi kotu," ya ce.

"Ɗaura ka yi shiru, Mai Giɓi."

Sunan ya bi shi daga ranar. Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Daktorata, yau yatsa biyu sun shiga. Na ci kisra ban jiƙa ta ba. Ban san ko hannunki ne maganin ba ko ganinki."

Ta amsa: "Hannuna ne, kar ka ɓata min sana'a. Harshe a ganɗa, haƙora a rabe, tsumma mai ɗumi a kunci. In yatsa uku suka shiga na sallame ka."

"To Allah ya sa kar su shiga."

Soyayya dai ba ta ɓoyuwa a layin teloli. Kafin damina ta kankama, kowa ya sani. Amma akwai abin da Mujtaba bai taɓa gaya mata ba, sai ranar da yatsa uku suka shiga. Maimakon ya yi murna sai ya yi tagumi.

"Huda, babana da ciwon kai ya fara. Shekara biyu yana ɗaure kai da rawani, sannan ido ya tafi, sannan shi ma ya tafi. Shekarunsa arba'in da ɗaya. Duk dare ina ƙirga shekaruna."

Huda ta zare safar hannunta. "Abin da na taɓa da hannuna nama ne da tantani, habibi. Amma tunda haka ne, ka je mustashfa likita ya ɗauki hoton kan, hankalin kowa ya kwanta."

"In hoton ya ce eh fa?"

Ya ƙi zuwa. Ta roƙa, ta yi fushi, ta yi kuka, ya ƙi. Tsoro ya riga ya yi masa gida a zuciya.

Labarin mahaifin nasa kuwa ya riga shi isa kunnen Baba Ishaku. Wanda ya kai shi Babiker ne, wani dillalin riɗi mai mota da ya daɗe yana kai gaisuwa gidan, Huda ba ta ko ɗaga ido ta dube shi. Da manyan Mujtaba suka zo neman izini, tsohon ya ba su shayi, ya sallame su da "sai mun yi shawara."

"Yaba, me ya yi?" Huda ta tambaya bayan sun tafi.

"Bai yi komai ba, ya bitti. Yaron kirki ne." Ya nuna ɗakin da Sara take, wadda mijinta ya rasu a hanyar gudunsu. "Takaba ɗaya na gani a gidan nan, ta ishe ni. Ba zan ɗauki ɗiyata da hannuna in kai ta layin zawarawa ba."

Huda ba ta iya musu ba, don ta ga hawaye a gemunsa. Ta shiga ɗaki ta kwanta, ta ji duniyar ta yi mata ƙunci fiye da ranar da suka baro Madani.

Babiker bai tsaya nan ba. Ya sayi farin yadi mai tsada ya kai shagon Mujtaba, ya shimfiɗa a kan tebur.

"Jallabiyar ango nake so, ya usta. An ce duk kasuwar nan babu hannu kamar naka. Baba Ishaku ya ce in shirya."

Ƙarya yake yi, tsohon bai ce masa komai ba. Amma wanda ya riga ya yanke wa kansa ƙauna ba ya neman shaida. Mujtaba ya ɗauki awo. Da mutumin ya fita, ya kwance ɗan matashin daga hannunsa, ya ba Inna Jummare ta mayar wa Huda. Ya debi dabbus ya zuba a baki.

Saƙonsa ya iso mata da la'asar: "Huda, Baba ya yi gaskiya. Ki auri mai lafiya. Ni zan ɗinka masa rigar, zan yi mata kyau saboda ke. Ki yafe min."

Ta rubuta: "Wace riga? Wane aure? Ni ban amsa wa kowa ba. Ɗauki waya, Mai Giɓi." Bai ɗauka ba. Ta sake rubutawa: "Wallahi ko hoton ya ce kwana arba'in ya rage maka, ni ina son kwana arba'in ɗin." Saƙon bai ma shiga ba, ya kashe wayar.

Cikin kwana goma sha biyu ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har ya fi na da. Muƙamuƙi ya kulle, kunu kawai yake sha da cokali. Inna Jummare ta fara zancen a koma wurin basir, tana kuka tana cewa haka na uban ya yi. Huda kuwa ta rame, tana tausa wuyan mutane tana share ido da gefen tobe. Ranar da Babiker ya zo da ledar mangwaro, a bakin ƙofa ta tsayar da shi ta ce ya kai kasuwa, kuma kar ya ƙara dawowa.

Sara, wadda tun rasuwar mijinta ba ta cika magana ba, ita ce ta sami mahaifinsu yana shan gahawar jabana da safe.

"Yaba, mijina Yahya ciwon me yake da shi?"

Tsohon ya dubi finjalinsa, ita kuwa ta ci gaba.

"Ko mura ba ya yi. Buhun dawa yake ɗauka da hannu ɗaya. Kai ka zaɓa min shi don lafiyarsa, kuma ga ni. Shekara uku na yi da shi, in za a sake tambayata, zan sake amsawa. Kar ka hana Huda nata don tsoron abin da ba a hannunka yake ba."

Baba Ishaku ya ajiye finjalin bai shanye ba. Ya sa takalmi ya bi taɓon damina har layin teloli.

Ya yi sallama. Mujtaba ya ɗago, ido jajur, dabbus shida a baki, farar jallabiya a kan keke. Ya amsa da kai. Tsohon ya ja kujera ya zauna yana kallonsa. Shekara talatin ya yi yana gyaran tarakta a gonakin Doka da Gadambaliya kafin ya koma Madani, bai saba yarda da ƙarar inji ba sai ya san daga ina take.

"Tofar da ƙarafan nan. Yaushe ciwon ya tafi?"

"Da na daina sa su a baki, ya ammi."

"Yaushe ya dawo?"

Mujtaba ya dubi dabbus ɗin da ke tafin hannunsa.

"Ya waladi, injin da ke kuka in an ɗaure, ya yi shiru in an sassauta, ba mutuwa zai yi ba, mai shi ne ba ya ji. Wannan rigar ta wa ce?"

"Ta Babiker. Ya ce kun ba shi."

"Ni? Ashe ana aurar da ɗiyata ban sani ba." Ya miƙe. "Tashi, mustashfa za mu."

A bakin ɗakin hoton, Mujtaba ya tsaya cak. Ya jingina da bango.

"Ya ammi, in suka ce irin na babana ne fa?"

Baba Ishaku ya kama hannunsa ya riƙe gam. "Saurara, tun kafin takarda ta fito nake faɗa, don kar ka ce ita ta ba ka. Ko me ta ce, na ba ka Huda. Shiga."

Kwana biyu suka jira, kwana biyun da babu wanda ya ci abincin kirki a gidajen nan biyu. Da likita ya ɗaga hoton ya ce babu komai a kan, Mujtaba bai yi dariya ba. Ya zauna a kan benci ya fashe da kuka, yana kiran sunan mahaifinsa da bai taɓa samun wanda zai riƙe masa hannu ya kawo shi nan ba.

Da yamma ya kunna waya, saƙonnin Huda suka yi ta shigowa. Ya karanta na kwana arba'in ɗin sau uku kafin ya rubuta: "Daktorata, shafin ya sake tsukewa. Yatsa ɗaya. Akwai wuri gobe?"

"Akwai. Ka zo da Inna. Kuma matashina yana nan, da mummunan ɗinkinsa."

An ɗaura auren bayan an gama yankan riɗi. Jallabiyar Babiker an gama ta tsaf an aika masa, ta angon kuwa Mujtaba ya ɗinka da matashin ɗaure a hannu. Bayan an shafa fatiha, Baba Ishaku ya sa aka kawo tiren agashe, ya zaɓi tsoka mafi tauri ya miƙa wa surukinsa a gaban jama'a.

"Bismilla. Mu gani ko aikin ɗiyata na gaske ne."

Mujtaba ya buɗe baki ya tauna, ya haɗiye, sannan ya yi dariya har giɓin nan uku suka bayyana. Daga cikin gida guɗa ta tashi, kuma muryar da ta fi kowace ƙarfi ta Sara ce.

Tsohon ya ɗaga hannu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Kwanakin da ya rubuta muku, masu yawa ne ko kaɗan, Allah ya sa ku cinye su tare."

Jama'a suka ce amin.