Layi Uku Da Shafi Biyu

Ranar da ya fara shigowa ajinsu bai kalli allo ba, ita ya kalla. Ita kuwa ta ja littafi ta rufe takardarta, don a saninta duk wanda ya ƙura mata ido amsa yake son kwafa.

'Yan aji Ƙamus suke ce mata, domin tun da ta shiga sakandare, in ban da zango guda, ba a taɓa ƙwace mata na ɗaya ba. Shi kuma kafin shekara ta zagayo an laƙaba masa Na-biyu, kullum maki biyu ko uku ne tsakaninsu. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne ko a jikinsa. In an kafe sakamako, shi ne na farkon taya ta murna.

Saƙonsa na farko da rana tsaka ya shigo, tana wanke-wanke:

"Tauraruwata, tambaya ta bakwai ta gagare ni. Ta takwas kuwa ke kika hana ni karanta ta."

Sau huɗu ta karanta tana neman inda tarkon yake. Ba ta gani ba. Ta tura masa amsar ta bakwai, ta ƙara da cewa, "Ta takwas ka ji da ita da kanka, Na-biyuna." Tun daga nan zuciya ta tafi, zargi kuma ya bi ta a baya da kayansa.

A shekarar ƙarshe su biyun suka nemi jami'a guda, irin wadda cikin mutum ɗari take ɗaukar huɗu. Daga makarantarsu ba ta taɓa ɗaukar fiye da ɗaya ba. Malamin da ke ba su shawara ya ce ban da jarrabawa da wasiƙun malamai, jami'ar tana son wasiƙa daga abokin karatu, a aika mata kai tsaye, wanda aka rubuta a kansa ba zai taɓa gani ba. Ƙamus ta zaɓe shi, shi ma ya zaɓe ta.

Babanta mai gyaran agogo ne, mutumin da bai yarda da komai ba sai ya kwance bayansa ya leƙa. Da ya ji labari ya cire gilashin da ke idonsa ya ajiye a kan tebur.

"Kujera ɗaya kuke nema, kika miƙa masa alƙalami ya rubuta ko ke wace ce? Wannan yaron ba sonki yake ba, nazarinki yake."

Ya hana Na-biyu zuwa ƙofar gida. Mama ta ci gaba da taka kekenta na ɗinki.

Bayan kwana biyu ƙawarta, wadda ita ma idonta ke kan Na-biyu ba tun yau ba, ta ja ta gefe ta ce ta gan shi a shagon ɗinkin Mama da littafi a hannu yana ta tambayoyi. Ƙamus ta tuna da sirrinta. Akwai zango ɗaya a aji huɗu da ta faɗi kimiyya warwas, lokacin da Mama ta kwanta jinya wata huɗu, ita ke buɗe shago, ita ke girki, ita ke kai ƙanne makaranta. Ta ci na ɗaya a sauran zangunan har faɗuwar ta rufu, kuma ko kalma ɗaya ba ta sa a takardarta ta neman jami'a ba. Da ta tambayi Mama, sai ta ce yaron kirki ne, har zare ya sa mata a allura. Wannan bai kwantar mata da hankali ba ko kaɗan.

Takardunta suka cika, aka kira ta hira ta kwamfuta a ɗakin karatu na makaranta. Matar da ke hirar ta gyara tabarau ta ce ta ba ta labarin zangon da ta faɗi kimiyya. Ƙamus ta ba da amsa dai, amma a ranta ta gama yanke hukunci cewa Na-biyu ne ya tona ta a wasiƙarsa.

Takardunsa kuwa wasiƙarta kaɗai suke jira. Da ta koma gida ta zauna ta rubuta layi uku: yana zuwa aji a kan lokaci, yana da ƙoƙari, ba ta san shi da faɗa ba. Ta aika. Sannan ta tura masa saƙo:

"Na gode da tonon asiri. Kada ka sake nemana."

Ya amsa: "Tauraruwata, ban san me aka gaya miki ba. Zan jira."

Sakamako ya fito. An ɗauke ta, shi ba a ɗauke shi ba. A ƙasan takardarta matar nan ta ƙara 'yan kalmomi: "Abokin karatunki ya rubuto shafi biyu. Ya ce in mutum ɗaya za mu ɗauka daga makarantarku, mu ɗauki wadda ta riƙe gida wata huɗu ba ta yi fashin aji ba. Mun yarda da shi."

Gida ya kaure da murna, ita kuwa ta shige bayan ƙofa ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Kunya ce ta kama ta, kunya tsantsa.

Ta same shi a ɗakin karatu yana mayar da littattafan aro. Ta faɗa masa komai, har layi ukun ta karanto masa da ka. Ya ajiye littafi na ƙarshe a kan tebur.

"Ban sani ba ko su suka kayar da ni, ke ma ba ki sani ba," ya ce. "Amma sun yi min ciwo. Ki bar ni tukuna."

Ta bar shi, amma ba ta daina rubutu ba. Daga can jami'a duk mako sai ta turo saƙo. Shi kuma ya shiga wata ƙaramar jami'a kusa da gida. Sai da aka yi wata bakwai amsa ta zo: "A nan ni ne na ɗaya. Babu daɗi, ba wanda nake bi."

Shekara biyar bayan haka ya zo shagon Baba da kawunsa neman aurenta. Baba ya dube shi sama da ƙasa yadda yake duban agogon da aka ce masa sabo ne, ya tambaya wa zai shaide shi ban da danginsa.

Ƙamus ta fito daga ciki ta durƙusa ta miƙa ambulan. Shafi biyu ne cif, da rubutun hannunta.

Baba ya maƙala gilashinsa ya karanta har ƙarshe, ya koma farko ya sake. Ya juya takardar ya duba bayanta. Sannan ya share ido da hannun riga ya ce shi ne ya fara sa mata zargin, don haka shi ma a yafe masa.

"Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku riƙe juna da amana."

Mama ce ta ɗinka kayan bikin da hannunta. Ranar ɗaurin aure, ana tsakiyar addu'o'i, wayar amarya ta yi ƙara:

"Matata, Baba ya hana ni wasiƙar. Me kika rubuta?"

Ta yi murmushi ta amsa: "Doka ce, angona, wanda aka rubuta a kansa ba ya gani. Amma da ita na aika wa jami'ar nan, da kai za su ɗauka."