Gonar da Ƙuduji Ya Tsallake

Da hantsi Dakta Basira Lawal, malama a wata kwalejin noma, ta shigo ofishin 'yan sanda na Kankia riƙe da 'yar jaka. Ta zazzage ta a kan teburin Sufeto Abdulbaƙi. Gero ne.

"Ranka ya daɗe, an yi mini sata."

"To ai ga geron nan, Hajiya."

"Wannan na kasuwa ne. Nawa aka kwashe aka zuba wannan."

Ta yi masa bayani. Shekaru ta yi tana tace wani irin gero daga ƙauyen Kaikai wanda ƙuduji, ciyawar nan mai shanye hatsi, ba ya kama shi. Mujallar kwalejin ta buga binciken. Sai ɗaya daga cikin masu tantancewa ya kai ƙara cewa ƙarya ta shirga, mujallar ta ce ta kawo irin a gwada. Da ta buɗe kabad, abin da ta tarar ke nan.

"In ban kawo ba za su janye takardar, su sa mini sunan maƙaryaciya. Aikina ya ƙare."

Sufeto ya je ya duba kabad ɗin. Ba a ɓalle kwaɗo ba. Makulli biyu ne, ɗaya a hannunta, ɗaya wajen shugaban sashe, Dakta Sagir, wanda ya koyar da ita tun tana 'yar aji ɗaya.

Editan mujallar, Farfesa Ɗanmaliki, ya ƙi faɗin sunan mai ƙarar.

"Ƙa'idarmu ce, Sufeto. Ba a tona mai tantancewa. Amma shi ma dole ya janye in yana da alaƙa da marubucin."

"Wannan ya ce yana da alaƙa da ita?"

"Ya ce ba ruwansa da aikinta." Farfesa ya kawar da kai, ya shiga goge tabarau.

Dakta Sagir ya tarbi Sufeto da fara'a har kunne, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Basira ɗiyata ce. Ni na koya mata riƙe alƙalami. Yanzu ita ake gayyata taro, ni ina nan ina sa hannu a takardun hutu." Ya yi dariya shi kaɗai.

"Ka taɓa buɗe kabad ɗinta?"

"Mi zan yi da shi? Bana ko noma ban yi ba."

Da Sufeto ya fito sai ya ga motar Daktan, tayoyinta duk jar laka, ga bakin buhun taki ya leƙo ta but ɗin bayan motar.

Washegari ya nufi Yashe, garin su Dakta Sagir. Damina ta yi nisa, ƙuduji ya yi fure ko'ina, gero ya tsumbure ya yi rawaya, abin tausayi. A tsakiyar wannan asara sai ga gona guda kore shar, zangarniya ta sunkuya don nauyi.

"Wagga ta Dakta ce," in ji maƙwabcin gonar. "Mun roƙe shi iri, ya ce na gwamnati ne."

Sufeto ya sa aka kawo su duka uku bakin gonar. Basira ta karyo zangarniya ɗaya, ta murza a tafin hannu, idonta ya ciko.

"Malam, nawa ne."

Farfesa ya juya ya dubi Sagir. "Kai ka rubuto mana cewa irin nan ba ya aiki."

Sagir ya dubi gonar. Da ya buɗe baki, muryar ba ta shugaban sashe ba ce.

"Na shuka ne don in ga ya mutu. Kullum in na zo sai in tarar ya ƙara kyau. Shekara nawa ina neman abin nan, yarinyar da na koyar ta same shi! Wallahi baƙin ciki ya hana ni sakat."

"Ka san ta, ka karɓi tantance aikinta, ka sace irin, ka kai ƙara," in ji Sufeto. "Mu je ofis, Dakta."

Wani kofur ya buɗe wa Sagir ƙofar mota. Basira ta bi malaminta da kallo, sannan ta ce, "Farfesa, yaushe za a yi gwajin?"

Farfesa ya nuna gonar da haɓa. "Mai ƙarar ya riga ya yi mana."